Mota da Hanya: Ba Kowace Ƙara Ce Ke Sa a Sauke Inji Ba

A wannan sati za mu yi magana a kan ƙwanƙwasar inji a motar da ke da turbo, abin da ya raba masu motoci da yawa da kuɗinsu, wasu saboda gaggawa, wasu kuma saboda sakaci.

Bari in fara da labarin mutum biyu da na sani. Na farko ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ya sayo motar isansi mai turbo daga Kotonu domin zirga-zirgarsa zuwa Damagaram. Wata rana cikin bazara, rana ta take, mota cike da mutane da kaya, na'urar sanyi na aiki, ya wuce Tasawa kaɗan sai ya taka wuta domin ya wuce wani kamyo. Nan take ya ji ƙara daga gaba kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Da ya sassauta ƙafa sai ƙarar ta ɗauke. Garajin farko da ya shiga, ko tayar da motar ba a yi ba aka ce masa: «Alhaji, biyal ce, sai an sauke inji.» Allah ya taimake shi bai yarda ba, ya kai ta wurin wani dattijon bakanike, wanda ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi, sannan ya ce: «Alhaji, mu hau hanya in ji da kunnena.» Ƙarshen magana, isansin kwalba ne da ya sha a bakin hanya, ga buji waɗanda ba na motar ba, ga ƙura da ƙaiƙayi sun toshe abin da ke sanyaya iskar turbo. Aikin yini ɗaya aka yi, motar tana nan tana aiki.

Na biyu ma'aikacin gwamnati ne da ya taso daga Ƙwanni za shi Yamai. Shi ƙarar da ya ji mai nauyi ce, daga can ƙasan inji, kuma fitilar mai tana ɗan ƙyaftawa idan mota na tsaye. Wani ya ce masa ba komai, ya zuba mai mai kauri ya ci gaba. Bai kai Dogon Dutsi ba biyal ta fasa jikin inji ta fito waje, sai da aka jawo motar da igiya, kuma kuɗin wani injin ya cinye albashinsa na watanni.

Su duka biyu, da za ka tambaye su, cewa za su yi inji ne ke ƙwanƙwasa. Kalmar ɗaya ce, amma cutar daban. Shi ya sa abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: kafin a kwance ko da noti ɗaya, sai an tantance wace irin ƙara ce, kuma mai motar ne ya fi kowa iya taimakawa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ke faruwa a cikin inji

A injin isansi, fistan yana matse iska da mai a cikin silinda, sannan buji ya ba da tartsatsi, wuta ta kama ta bi sannu a hankali har ta cinye cakuɗin, ƙarfinta ya tura fistan ƙasa. To amma idan zafi da matsi sun yi yawa, ragowar cakuɗin da wutar ba ta kai gare shi ba tukuna sai ya fashe da kansa. Wannan fashewa ce ke dukan fistan da bangon silinda, ita ce ake ji kamar tsakuwa a gwangwani, Faransawa kuwa suna kiran ta cliquetis. In ta daɗe tana faruwa tana karya bakin fistan inda zobba suke, tana ƙona juwan na kulas, wani lokaci har ta huda kan fistan.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Saboda ita ne a 1921 wani masani a Amurka mai suna Thomas Midgley ya gano cewa zuba wani sinadarin dalma a cikin isansi yana kashe ƙarar. An yi shekaru ana amfani da shi kafin duniya ta yarda cewa guba ne ga mutane. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina shi a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Yanzu abin da ake dogara da shi shi ne ingancin isansin kansa, wanda ake aunawa da lambar oktan. Idan lambar ta yi sama, man ya fi jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba.

Ina ruwan turbo a ciki? Turbo, wanda Alfred Büchi na ƙasar Suwis ya yi wa rajista tun 1905, fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita yana juya ta farko, ta biyu kuma tana cusa iska cikin inji da ƙarfi. Tana juyawa fiye da sau dubu 100 a minti ɗaya. Da haka ne ƙaramin inji mai lita 1,2 ko 1,4 yake ba da ƙarfin da a da sai mai lita 2. Sai dai iska idan an matse ta tana zafi, tana iya wuce digiri 100, don haka ake bi da ita ta wani ƙaramin radiyata na iska domin ta huce kafin ta shiga inji. Ke nan injin turbo kullum yana aiki ne kusa da iyakar da ƙwanƙwasa ke farawa. An ƙera shi da lissafin iskar Turai da isansi mai lamba 95, mu kuwa muna kai shi inda zafi kan kai digiri 45 a Afrilu da Mayu, ga ƙura, ga lodi. Abin da tsohuwar Peugeot 504 za ta haɗiye ta wuce, wannan ba zai haɗiye ba.

Wanda bai tabbata ko motarsa na da turbo ba, ya duba rubutun bayanta ko na kan inji. TSI, TFSI, THP, TCe da EcoBoost na isansi ne. TDI, HDi da dCi na gazuwal ne, haka ma D-4D da ke jikin Hilux.

Tambayoyi uku

Duk bakaniken kirki zai yi maka tambaya uku, kuma ya kamata ka je da amsarsu a hannu. Yaushe ƙarar ke zuwa: da sanyin safiya ko bayan inji ya yi zafi, a tsaye ko a guje, wajen taka wuta ko wajen sakin ta? Daga ina take fitowa: saman inji, ƙasansa, ko gefen da turbo yake? Sannan me ya sauya kafin ta fara: an sha mai a sabon wuri, an yi bidanji, an sa sababbin buji, ko mota ta taɓa yin zafi?

Idan ƙarar siririya ce mai kamar tsakuwa, ba ta zuwa sai an taka wuta a hawa ko da lodi, ta fi yawa da tsakar rana, kuma tana ɗaukewa da zarar an sassauta ƙafa ko an sauko da bitas, to ƙwanƙwasar ƙonewar mai ce. Ba a jin ta idan mota na tsaye a garaji, saboda haka wanda ya yanke mata hukunci ba tare da ya hau hanya ba, ka-ce-na-ce kawai yake yi.

Idan kuwa ƙarar mai nauyi ce, kamar ana buga taɓarya a can ƙasa, tana bin gudun inji, tana ƙaruwa idan mai ya yi zafi ya tsinke, ana jin ta ko mota na tsaye, to a yi zargin kusine na biyal, wato ɗan kwanon ƙarfen da biyal ke juyawa a kansa. In fitilar mai ta haɗu da ita, a kashe mota nan take, a nemi mai ja. Kowane kilomita da aka ƙara yana iya mai da gyaran kusine ya koma sayen inji.

Akwai kuma ƙararraki da ke tsorata mutum alhali ba su kai haka ba. Ƙas-ƙas mai sauri daga saman inji sau da yawa ta anjektar ce da famfon da ke matsa musu mai, musamman a sababbin injuna da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, kuma haka aka yi su. Ƙarar da ke zuwa da sanyin safiya ta ɓace bayan ƴan mintoci, yawanci fistan ne da ya ɗan yi sako-sako, in ya yi zafi ya cika wurinsa. Kwaramniya ta daƙiƙa biyu ko uku wajen tayarwa tana nuna sarƙar inji ta fara saki, wannan kuwa a duba ta da wuri, kada a bari ta tsallake. Sau da yawa ma ƙarar ba a cikin inji take ba: farantin da ke kare zafin salansa ne ya kwance, ko ɗan sandan da ke buɗe ƙofar rage iskar turbo ne ya ci ya fara karkarwa. Ƙarar da ke sauyawa idan an taka ambirayaj, a neme ta tsakanin inji da akwatin bitas.

Shi kansa turbo ba ya ƙwanƙwasa, kuka yake yi. Ɗan fito kaɗan al'adarsa ce. Amma idan ya koma kamar jiniya, mota ta rage ƙarfi, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na fita, mai kuma na raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, to sandarsa ta ci.

Yadda ake tabbatarwa

Kunne yana nuna hanya, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Dabarar kanikawanmu ta dafa dogon sukundireba a jikin inji a sa kunne a ƙotarsa tana da kyau ƙwarai wajen gano inda ƙara take, sai dai mai babbar riga ko rawani ya nisanci fanka da bel. Bayan haka akwai gwaji huɗu masu sauƙin kuɗi.

Na farko, a duba man inji. A zuba kaɗan a farin faranti a kai rana. Idan ana ganin ƙyalli kamar garin tagulla ko azurfa, kusine ne ke ci. A tsaga tsohon filtar mai a duba cikinsa, ba ya ƙarya. Na biyu, a ɗaura agogon auna ƙarfin mai, a karanta shi bayan inji ya yi zafi, a gwada da abin da littafin motar ya ce. Na uku, a cire wayar anjektar ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Silindar da aka kashe ƙarar ta ragu sosai, a nan ciwon yake. Na huɗu, a sa na'urar bincike. Motocin Amurka tun 1996, da na isansi na Turai tun 2001, duk suna da wurin jona ta, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0325 tana nufin matsala a layin na'urar jin ƙwanƙwasa, P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, P0300 kuma silinda na tsallake wuta. Kada a yarda a goge lambobin kafin a rubuta su a takarda.

Ita wannan na'urar jin ƙwanƙwasa ta cancanci bayani. Ƙaramin abu ne da aka ɗaure a jikin inji, aikinsa sauraro. Da ya ji alamar fashewa sai ya gaya wa kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta tartsatsin buji, ta rage iskar turbo. Saboda haka alamar farko ta mugun mai a sabuwar mota sau da yawa nauyi ne: mota ta mutu a ƙafa, ta ƙara shan mai, ba ƙara ko kaɗan. In har kunnenka ya kai ga jin tsakuwar, to kwamfuta ta yi iyakar ƙoƙarinta ta gaza, ko kuwa na'urar ta mutu. Wanda ya cire mata waya domin fitilar tablo ta mutu, ya kori mai gadi ne ya kwanta barci.

A fara da mai araha

Idan an tabbatar ƙwanƙwasar ƙonewa ce, a bi dalilanta daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Farko isansi. A buɗe murfin tanki, yawanci an rubuta lambar oktan da motar ke so a cikinsa. Ba na cewa duk man ruwa-ruwa gurɓatacce ne, amma kwalba ba ta da takarda. Ba ka san kwana nawa ya yi a rana ba, ba ka san ko an haɗa shi da kananzir ba, kananzir kuwa ko kaɗan ne yana karya lambar oktan. Lokacin ƙarancin mai, irin wanda aka yi a watan Maris na 2025, dole kan sa mutum ya sha abin da ya samu. In haka ta kama, a tafi a hankali, kada a cika lodi, kada a taka wuta sosai, har a samu gidan mai a cika tanki da mai kyau.

Na biyu zafi. A wanke radiyata da na iskar turbo daga waje, domin ƙura, ƙwari da ƙaiƙayi suna toshe su cikin ƴan watanni. A tabbata fanka na tashi a kan lokaci. A zuba ruwan sanyaya inji na ainihi, domin ruwan rijiya yana barin gishiri ya toshe hanyoyi. Al'adar nan ta cire tamostat da zarar mota ta iso ƙasar zafi ba ta dace da waɗannan injuna ba, domin kwamfuta tana lissafin mai ne da zafin da aka tsara wa injin.

Na uku buji. Kowane inji da irin nasa, kuma ba tsawo da zare kaɗai ake dubawa ba, akwai lambar zafi. Bujin da bai iya fitar da zafinsa ba yana zama garwashi, ya kunna mai tun lokaci bai yi ba. Jabun buji sun cika kasuwa, kwalinsu kamar na gaske, kuma araha ba ta ado. Na huɗu ƙarancin mai a cikin cakuɗi: filtar isansi da ya toshe, famfon tanki da ya gaji, anjektar da ta yi datti, ko tiyon iska da ya tsage. Na biyar baƙin gawayi da ya taru a kan fistan, da man inji da ke zubowa daga turbo ya bi iska ya shiga silinda. Na shida iskar turbo da ta wuce ƙa'ida, ko don ƙofar rage ta ta maƙale, ko don wani ya taɓa kwamfuta da sunan ƙara wa mota ƙarfi.

Akwai kuma wanda ya shafi tuƙi. Direbobinmu da yawa sun saba hawa babban bitas da wuri domin tsimin mai, sannan su danna wuta har ƙasa inji na numfashi da ƙyar. A ƙananan injunan turbo masu fesa mai kai tsaye, wannan yana iya jawo wata muguwar fashewa tun kafin buji ya ba da wuta, wadda sau ɗaya tak tana iya fasa fistan. Matsalar ta kai har aka fito da sabon ma'aunin man inji saboda ita, API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Mai irin wannan mota ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan alamu a jikin galan, kuma in zai wuce mota ko zai hau tudu ya sauko da bitas ɗaya ko biyu.

Masu gazuwal

Ƴan kasuwa da ofisoshi da yawa Hilux da makamantanta suke hawa, to nasu lissafin daban ne. Injin gazuwal ba shi da bujin tartsatsi, matsi ne ke kunna mai, saboda haka ƴar kwaramniya halinsa ce, musamman da safe. Abin tsoro shi ne sabuwar ƙara mai kaifi da ba ka saba ji ba, tare da hayaƙi baƙi ko fari da rawar inji. Yawanci anjektar ce ta fara zubar da mai ba daidai ba, sau da yawa saboda ruwa ko datti a cikin gazuwal. Anjektar da ke ɗiga tana iya tsaga fistan ko ta narkar da shi. Gwajinta ba wuya: ana auna man da kowace ke mayarwa baya, ana kuma karanta su da na'ura. A riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar gazuwal, kada a jira fitila.

Ga wani abu da kowane mai gazuwal ya kamata ya sani. Idan turbo ya fashe ya tura man inji cikin silinda, inji yana iya kama gudu da kansa, yana ruri, hayaƙi ya turnuƙe, ko an cire makulli ba zai mutu ba. In motar mai bitas na hannu ce, a taka birki da ƙarfi, a sa babban bitas, a saki ambirayaj domin a shaƙe shi. In hakan bai yiwu ba, kowa ya fita ya yi nisa. Rai ya fi mota.

Kafin mu rufe

Rigakafin duk wannan ba shi da tsada. A yi bidanji kafin adadin kilomitan da littafi ya faɗa wa Turai, domin littattafan da kansu suna cewa a gajarta shi a ƙasar ƙura da zafi. A riƙa duba sandar mai kowane sati. Bayan doguwar tafiya, a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe, domin man da ya tsaya cikin turbo mai zafi yana ƙonewa ya toshe hanyarsa. Mai sayen tsohuwar mota ya je da sassafe, ya dafa inji ya tabbata da sanyi yake kafin a tayar, ya zaro sandar mai ya gani, domin wasu dillalai suna zuba mai mai kauri kamar zuma su rufe bakin kusine na kwana biyu.

Ga kanikawanmu kuma, waɗanda muke girmamawa domin da hannunsu ƙasar nan ke tafiya, muna roƙo a daina cewa «sai an sauke» kafin a auna. Kai kuma mai mota, idan aka ce maka haka, ka tambaya cikin ladabi: «Maigida, an duba man? An auna ƙarfinsa? Wace silinda ce?» Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, zai ma kira ka ka gani da idonka. In kuwa ƙarar mai nauyi ce kuma fitilar mai ta kama, kada ka tsaya neman shawara, ka kashe mota a inda kake. Hausawa sun ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba launin hayaƙin mota da abin da kowane ke nufi. Allah ya kiyaye hanya, ya sauki kowa lafiya.